Juna Biyu da Haihuwa a Ƙasar Hausa: Darasin Binciken Zariya

Idan mace tana naƙuda, Bahaushe yakan ce tana kan gwiwa, idan kuwa ta haihu sai a yi mata barka da sauka lafiya. Kalmar sauka ba a banza aka zaɓe ta ba, gama mutanen da sun san cewa mai ciki tamkar wanda ya hau wani wuri ne mai tsawo, wanda hawansa ya fi saukarsa sauƙi. Ƙididdigar zamanin nan ta gaskata su. Hukumar Lafiya ta Duniya da sauran hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata kimanin 260,000 ne suka rasu a duniya saboda ciki da haihuwa, kuma wajen 75,000 daga cikinsu 'yan Nijeriya ne, watau fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, su wane ne waɗannan mata, mene ne kuma ya bambanta su da 'yan'uwansu da suka sauka lafiya? Amsar da ta fi kowace ƙarfi an same ta ne a cikin ƙasar Hausa, a birnin Zariya.

Daga 1976 zuwa 1979, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi diddigin haihuwa 22,774, ɗaya bayan ɗaya, ba su tsallake ko guda ba. Suka rubuta shekarun kowace uwa, da tsawonta, da yawan haihuwarta, da karatunta, da kuma yadda ta zo asibiti. An buga sakamakon a 1985. Cikin waɗannan mata, kimanin 1 cikin 100 ta rasu. Amma da aka rarrabe su sai aka ga mutuwar ta taru ne wuri guda. Matan da suka yi awon ciki suka kuma zo haihuwa da wuri, kaɗan ƙwarai ne suka rasu a cikinsu. Mafi yawan waɗanda aka rasa matan da ba su taɓa zuwa awo ba ne, waɗanda aka ɗauko daga gida ranga-ranga bayan an kwana an wuni ana fama. Asibiti ɗaya ne, likitoci ɗaya, magani ɗaya, abin da ya raba su shi ne lokacin zuwa. Binciken ya kuma nuna cewa haɗarin ya fi yawa ga 'yan mata masu ƙananan shekaru a haihuwar fari, da matan da suka yi haihuwa da yawa, kuma matan da suka yi karatu a makaranta sun fi tsira, su da 'ya'yansu. Wannan aiki na cikin abubuwan da suka farkar da duniya har aka yi babban taro a Nairobi a 1987 domin kare rayukan mata masu haihuwa.

Abin da ciki ke nema daga jikin uwa

Ana ƙirga kwanan ciki daga ranar farko ta hailar ƙarshe, kwana 280 ke nan, ko mako 40. A cikin wannan lokaci jinin da ke gudana a jikin mace yakan ƙaru da kusan rabi, zuciya tana ƙara aiki, ƙoda tana ƙara aiki, kuma duk abin da ɗan tayi zai gina jikinsa da shi daga jinin uwa yake ɗiba ta hanyar mabiyiya. Idan abincin uwa bai wadata ba, ɗan tayi ba ya jira, yakan ɗebi rabonsa daga ajiyar jikinta. Wannan shi ne asalin ƙarancin jini da ya zama ruwan dare ga masu ciki. Likitoci sukan ce mai ciki tana da ƙarancin jini idan awon sinadarin da ke ɗaukar iska cikin jininta ya kasa giram 11. Alamominsa su ne kasala, da jiri, da haki bayan ɗan aiki kaɗan, da farin ido da tafin hannu. Muninsa yakan bayyana ranar haihuwa, domin zubar jinin da mace mai lafiya za ta jure, ita ce za ta kashe wadda ta shiga naƙuda da jini kaɗan.

Abincin da ake bukata ba sai an je kanti ba. Wake da gyaɗa da daddawa da kifi da nama da ƙwai da nono suna gina jiki. Zogale da alayyafo da rama da kuka suna taimakon jini, haka nan lemo da gwaiba da tumatir suna sa hanji ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da ke cikin abinci, alhali shayi da aka sha tare da abinci yana rage tsotsar. A wasu gidaje akan hana mai ciki ƙwai, ko zuma da rake da duk abu mai zaƙi, don gudun abin da ake kira zaƙi, wanda ake cewa yana tare hanyar haihuwa. Barin yawan sukari ba shi da laifi, amma hana ƙwai asara ce tsantsa. Akwai kuma al'adar da ba a cika faɗinta ba, watau a zuba wa maigida da baƙi tsokar nama, uwargida mai ciki ta ci abin da ya rage a tukunya.

Da yake abinci kaɗai ba ya cika isa, ana ba mai ciki ƙwayar ƙarin jini kullum, mai ɗauke da miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe, da kuma folik asid miligiram 0.4. Shi folik asid ya fi amfani tun kafin a ɗauki ciki da makonnin farko, saboda lakar ɗan tayi da ƙwaƙwalwarsa suna haɗuwa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da cikin ba. Ƙwayar ƙarfe takan baƙanta bayan gida, takan kuma kawo ɗan tashin zuciya, shi ya sa mata da dama suke watsar da ita. Wasu kuma sun ɗauka tana sa ɗa ya yi girman da zai gagari haihuwa, wannan kuwa ba shi da tushe.

A nan binciken Zariya ya gano wani abin mamaki. 'Yan mata masu cikin fari da aka ba maganin zazzaɓin cizon sauro tare da ƙwayoyin ƙarin jini, da yawansu sun ƙara tsawo a cikin watannin da suke ɗauke da cikin. Ma'anar wannan a fili take. Yarinyar da ta ɗauki ciki tana shekara 14 ko 15 ita kanta girma take yi, ƙashin ƙugunta bai gama buɗewa ba, ita da ɗan cikinta suna rabon abinci ɗaya.

Zazzaɓin cizon sauro yana da wata dabara ta musamman a jikin mai ciki. Ƙwayoyin cutar sukan taru a cikin mabiyiya, su rage abincin da ke isa ga ɗan tayi, ko da uwar ba ta jin zazzaɓi. Sakamakon shi ne ƙarancin jini ga uwa, da ɓari, da haihuwar bakwaini ko jariri marar nauyi, musamman a cikin fari. Maganin rigakafi shi ne ƙwayoyin nan uku na SP, waɗanda aka fi sani da Fansidar, da ake fara sha daga mako na 13, ana maimaitawa wata-wata, aƙalla sau 3 kafin haihuwa. Ba a shan su a watanni ukun farko. Gidan sauro mai magani shi ne abokin tafiyarsu, kowane dare, har da lokacin zafi.

Awon ciki

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta sadu da ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8, na farko kafin ciki ya wuce mako 12. Kafin wannan shekara sau 4 ake nema. A ƙasar Hausa zuwan farkon nan shi ya fi wuya, domin ana ɓoye ƙaramin ciki, wani lokaci don kunya, wani lokaci don tsoron baki, sai ya fito fili sa'an nan a tafi awo. Ga shi kuwa a farkon ne ake gwada jini a san rukuninsa, a san ko akwai sikila, a duba ciwon hanta da tunjere da ƙanjamau, waɗanda duk akwai hanyar hana su kama jariri in an gano su da wuri. Ana kuma yin allurar rigakafin ciwon sandarewa, wanda ake kira tsinkau-tsinkau, da ke shiga jarirai ta cibiya, da hoton ciki sau ɗaya kafin mako na 24 don a tabbatar da kwanan cikin a kuma ga ko tagwaye ne.

Amma a cikin dukan ayyukan awo babu wanda ya kai gwajin hawan jini da na fitsari muhimmanci, ko da yake su ne mafi araha. Bayan mako na 20, jinin wasu mata yakan hau ya kai 140 bisa 90 ko fiye, furotin ya riƙa fita cikin fitsarinsu, alhali matar tana harkokinta ba ta jin komai. Idan abin ya tsananta sai ciwon kai mai tsanani ya zo, da gani dishi-dishi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, da kumburin fuska da hannuwa, daga nan sai jijjiga. Da yake mai jijjiga takan fita hayyacinta, idanu su kakkafe, ta ciji harshe, mutane sukan ce iska ce, a nemo hayaƙi da tofi, a ɓata sa'o'in da ake bukata. Addu'a ba ta hana a sa mara lafiya a mota. Maganin jijjiga sananne ne, allurar magnesium sulphate, wadda babban bincike na 1995 ya tabbatar ta fi sauran magunguna tsayar da jijjiga, wani kuma na 2002 ya nuna tana rage aukuwarta da fiye da rabi ga matan da jininsu ya hau. Warakar gaskiya kuwa ita ce a raba uwa da cikin a lokacin da likita ya ga ya dace.

Ranar naƙuda

A al'ada, mai cikin fari takan koma gidan iyayenta goyon ciki, kuma ana so ta haihu shiru, ba kuka ba raki, domin nuna jarumta da kunya. Sau da yawa ma ita kaɗai take haihuwa a ɗaki, sai bayan ɗa ya faɗo a kira ungozoma ta yanke cibiya ta yi wanka. Ƙididdigar lafiya ta Nijeriya ta 2018 ta nuna kashi 39 cikin 100 na haihuwa ne aka yi a asibiti a ƙasar baki ɗaya, a jihohin arewa maso yamma kuwa bai kai kashi 20 ba. Kunya kyakkyawar ɗabi'a ce, sai dai a wannan rana takan ɓoye lokacin da naƙuda ta fara, har ba wanda zai iya cewa tun yaushe yarinyar take wahala.

Sanin lokacin nan kuwa shi ne komai. Naƙudar da ta wuce sa'a 12 ba haihuwa tana bukatar asibiti. Idan kan ɗa ya fi ƙarfin ƙugun uwa, ko ɗan ya kwanta a gicciye, babu jiƙo ko rubutu ko danna ciki da zai fitar da shi, sai tiyata. In aka bari, kan ɗan yakan matse naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi, jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu. Bayan 'yan kwanaki sai ya zube ya bar rami, fitsari ya riƙa zuba dare da rana. Wannan shi ne yoyon fitsari, kuma galibi jaririn ma ba a samunsa da rai. Yankan gishiri, da wasu ungozomomi da wanzamai ke yi da aska wai don a buɗe hanya, shi ma yakan huda mafitsara ko ya jawo zubar jini. Tun farkon shekarun 1980 likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya shiga ɗinke irin waɗannan mata a asibitin Babbar Ruga a Katsina, ya yi wa dubbai aiki, ya kuma koyar da likitoci masu yawa. A Jamhuriyar Nijar an buɗe irin wannan cibiya a Danja kusa da Maraɗi a 2012. Ciwon yana warkuwa, amma kafin mace ta kai can sau da yawa ta riga ta rasa ɗa, ta rasa aure.

Zubar jini bayan haihuwa shi ne ya fi kowane gaggawa, don yana iya kashe mace lafiyayya cikin sa'a 2. Dalilin shi ne, a ƙarshen ciki jinin da ke ratsa mahaifa a kowane minti ya kai rabin lita ko fiye. Da zarar mabiyiya ta rabu, sai mahaifa ta tsuke ta matse jijiyoyin da suka buɗe. In ta yi sanyi ba ta tsuke ba, jini zai zuba kamar an buɗe famfo. Shi ya sa ake yi wa kowace mace allurar oxytocin nan da nan bayan fitowar jariri, inda babu ita kuwa a ba da ƙwayar misoprostol. Ana kiran abin zubar jini mai haɗari idan ya kai mililita 500, amma ido ba ya iya auna jini a kan zane da tabarma, kullum yakan raina shi. Wani bincike da aka buga a 2023, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta Kano take cikin jagororinsa, ya gwada shimfiɗa wata leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, da ba da dukan magunguna gaba ɗaya da zarar jini ya kai iyaka, maimakon a gwada su ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa suka ragu da kashi 60 cikin 100.

Masana biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, sun bayyana a 1994 cewa jinkiri uku ne ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, da jinkirin hanya, da jinkirin samun taimako bayan an isa. Na ukun nauyin hukuma ne, kuma ba a kyauta ba in aka ɗora wa mata laifin ƙin asibitin da ba shi da jini, ba wuta, ba ma'aikaci da dare, ko wanda ake yi musu tsawa a cikinsa. Na farko da na biyu kuwa suna hannun gida, musamman hannun miji. Mata da yawa sun mutu suna jiran maigida ya dawo daga kasuwa ko daga cin rani ya ba da izini. Magani shi ne ya ba da izinin tun ciki yana wata 7, a gaban mahaifiyarsa da surukarsa, cewa duk sa'ad da aka ga jini, ko jijjiga, ko zazzaɓi mai zafi, ko faya ta fashe ba naƙuda, ko ɗa ya daina motsi, a tafi ko ba ya nan. Ya ware kuɗi, ya yi magana da direban da zai amsa kira da tsakar dare, ya san asibitin da ake tiyata da ƙarin jini, ya kuma nemi 'yan'uwa biyu da za su ba da jini. A ƙauyukan da rafi ke yanke hanya da damina, ya fi kyau mace ta koma kusa da asibiti tun watanta bai kama ba. Wannan tanadi ya fi ragon suna da zannuwan fitar suna gaggawa, ko da yake su ne aka fi sa wa rai.

Jego

Kwana arba'in na jego na daga cikin kyawawan al'adun Hausawa, domin suna ba mace hutu da abinci mai kyau da masu taya ta reno, abin da matan ƙasashe masu arziki da yawa ba sa samu. Amma likitocin Zariya sun daɗe da lura da wani ciwon zuciya da ke kama masu jego, mai zuwa da haki da tari da kumburin ƙafafu da kasa kwanciya a miƙe. A 1978 Davidson da Parry suka buga bayanin mata 224 masu wannan ciwo, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ɗaga jini, zafi kuma yana tilasta wa zuciya ƙarin aiki. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano a shekarun baya-bayan nan ya faɗaɗa bayanin, ya nuna ciwon yana kama har matan da ba su yi waɗannan al'adu ba, kuma rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin sinadarin seleniyam, da hawan jinin ciki suna da hannu a ciki. Duk da haka, macen da jininta ya hau ba ta da abin yi da kanwa, kuma ruwa mai ɗumi ya wadatar da wanka.

Shi kuma jariri, bukatunsa na farko ƙalilan ne. A goge shi ya bushe nan take, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare. A dakata minti 1 zuwa 3 kafin a ɗaure cibiya, a yanke ta da sabuwar reza ko almakashin da aka dafa, kada a sa mata toka ko man goge baki ko gashi da tsumma mai zafi, sai maganin chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti. A jinkirta wankan farko har sa'a 24, saboda sanyi yana saurin kama jariri ko da a ƙasa mai zafi. A sa shi a nono cikin sa'ar farko. Dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar suna cewa ƙazanta ne, shi ne garkuwarsa ta farko daga cututtuka, kuma har wata 6 nonon uwa ya ishe shi, ba ya bukatar ruwa ko a watan bazara. Ana ba shi rigakafin tarin fuka da na shan inna da na ciwon hanta tun daga haihuwa, na ciwon hantar ya fi amfani cikin sa'a 24. Jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2.5 ba, ana ɗaure shi a ƙirjin uwa dare da rana, dabarar da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabar renon bakwaini.

Ana so a duba uwa da jariri cikin sa'a 24 na farko, da rana ta 3, da tsakanin rana ta 7 da ta 14, sa'an nan a mako na 6, wanda ya zo daidai da cikar arba'in. A wannan zuwa na ƙarshe ne ake sake gwada hawan jini, a kuma tattauna tazarar haihuwa. Shawarar likitoci ita ce a bar wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani ciki, daidai da shekara biyun da iyaye mata suka saba shayarwa kafin yaye, waɗanda dā akan yi wa macen da ta yi kunika gori a kansu.